Yadda Ake Sake Fentin Ƙasan Jirgin da Ke Shiga Ruwan Gishiri

Kano ba ta da teku, amma tana da masu jiragen ruwa. Daga cikin 'yan kasuwarmu mazauna Legas akwai waɗanda suka mallaki ƙananan jiragen fayiba masu inji a baya, kuma wasunsu sukan ɗora jirgin a tirela su taho da shi gida, tafiyar kilomita kusan 1,000, ko don a gyara shi a tsanake ko don a kai shi madatsar ruwa ta Tiga kafin a mayar da shi teku. Idan irin wannan jirgi ya zo hannun mai fenti a nan, yakan tarar da wanda ya saba da fentin mota da na gini, alhali ƙasan jirgi yana da nasa ƙa'idojin.

Kafin a sayi ko gwangwani ɗaya, sai a tambayi mai jirgin: "Alhaji, kwana nawa yake yi a cikin ruwa kafin a fito da shi?" Amsar ita ce za ta zaɓi fentin. Jirgin da ake sakawa da safe a ciro shi da yamma ba ya bukatar fentin hana maƙalewar halittu, domin gansakuka da ƙananan halittun teku masu ɓawo mai tauri ba sa samun lokacin kamawa. Wanki da ruwan daɗi ya ishe shi. Amma idan yana kwana a ruwa mako biyu ko fiye, musamman a ruwa mai ɗumi irin na gaɓar Legas, to sai an shafa masa wannan fenti, in ba haka ba ƙasan zai yi kaushi, gudu ya ragu, inji kuma ya riƙa shan mai.

Fentin kansa iri biyu ne a taƙaice. Akwai mai tauri, wanda yake jure gogayya amma ƙarfin maganinsa yakan mutu idan jirgin ya daɗe a tudu, saboda iska tana lalata sinadarin jan ƙarfen da ke samansa, wanda shi ne maganin da ke hana halittu maƙalewa. Akwai kuma mai zaizayewa, wanda yake cinyewa a hankali kamar sabulu yana fito da sabon magani, kuma yawancinsa ba ya lalacewa don an ajiye jirgin a waje, sai dai mai laushi sosai yakan goge a kan katakan tirela. A ganina, ga jirgin da rabin rayuwarsa a kan tirela take, mai zaizayewa mai ɗan tauri shi ne daidai, kuma masu yin fenti sukan rubuta a jikin gwangwani cewa ya dace da jirgin tirela. Idan jikin jirgin alminiyom ne, kada a kuskura a shafa masa fenti mai jan ƙarfe, domin idan ƙarafan biyu suka haɗu a ruwan gishiri sai alminiyom ɗin ya fara cinyewa har ya huje. Haka kuma a guji tsohon fenti mai sinadarin TBT ko da an same shi da araha, domin yarjejeniyar da Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya ta amince da ita a 2001, wadda ta fara aiki a 2008, ta haramta shi saboda ɓarnar da yake yi wa halittun teku.

Aikin gaskiya yana farawa ne da wanki. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma idan ya bushe gishirin yana nan a jiki, yana jawo laima, ya hana sabon fenti kamawa. Na taɓa karɓar wani jirgi da aka yi wa fenti a wani wuri ba tare da an wanke shi sosai ba, bayan wata biyu fentin yana ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa, dole muka kankare komai muka sake daga tushe. Saboda haka a wanke ƙasan da ruwan daɗi mai ƙarfi da sabulu, a kankare duk abin da ya maƙale, a wanke tirelar ita ma, sannan a bar jirgin ya bushe kwanaki. A nan ne Kano ta fi bakin teku, domin busasshiyar iskar hunturu tana zuƙe laimar jikin fayiba da sauri.

Bayan ya bushe sai a duba tsohon fentin. A goga jiƙaƙƙen tsumma a kansa: idan launi ya biyo tsumman sosai, mai zaizayewa ne, kuma ba a ɗora mai tauri a kansa sai an cire shi. Ɗora mai zaizayewa a kan mai tauri kuwa yawanci ba shi da matsala. Idan aka ga ƙuraje a jikin fayiba, alama ce ta cewa ruwa ya ratsa. A fasa su, a wanke, a bari su bushe ƙarau, a cike da ifoksi, wato wani irin gam mai ƙarfi da ke hana ruwa ratsawa. Daga nan sai gogewa da samfefa mai lamba 80. Ƙurar wannan fenti guba ce, don haka gara a goge da ruwa, a shimfiɗa tamfol a ƙasa don kada dattin ya bi kwata, a sa takunkumi mai tace iska da tabarau da safar hannu. Kada a bar yaran shago su yi wannan aiki da ɗan kyalle kawai a hanci.

Inda tirela take tokare da jirgin shi ne wuri mafi wahala. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a fente ko'ina da hannu ke kaiwa, a bari ya bushe, sannan a ɗaga gefe ɗaya da jak tare da faffaɗan katako tsakaninsa da jikin jirgin, a tokare da manyan katakai masu ƙwari, a goge wuraren da suka rage a fente su. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin jirgin da jak kaɗai ke riƙe da shi, kuma a sa wa tayoyin tirela waigi tun farko.

Yawan fenti ana ƙiyasta shi ne da girman ƙasan jirgi, wato tsawon jirgi sau faɗinsa sau 0.85. Jirgi mai tsawon mita 6 da faɗin mita 2.2 zai ba da kimanin murabba'in mita 11, wanda shafi biyu zai ci kusan lita 3. A manna salatif a kan layin da ruwa ke tsayawa. A juya fentin sosai har gindin gwangwani, a riƙa sake juyawa ana cikin aiki, domin jan ƙarfen yana da nauyi yana kwantawa. Idan an kankare har zuwa jikin fayiba, sai an fara da ifoksin kariya, a ɗora shafin farko na fentin tun ifoksin yana da ɗan danƙo, wato idan aka danna babban yatsa zai bar shaida ba tare da ya biyo yatsan ba. A yi amfani da rola mai gajeren gashi, shafi biyu, a ƙara na uku a bakin layin ruwa da ƙirjin jirgin da tsakiyar gindinsa. Ba a fenta ƙarafan tutiya da ke jikin inji, domin aikinsu shi ne su cinye a madadin sauran ƙarfe, kuma kada fenti mai jan ƙarfe ya taɓa ƙafar inji, wato ɓangarensa da ke shiga cikin ruwa.

Lokacin shafawa yana da muhimmanci ƙwarai a garinmu. Yawancin gwangwanaye suna iyakance zafi a wajen digiri 35, a Maris da Afrilu kuwa Kano takan kai 40, don haka a fara bayan sallar asuba da zarar gari ya waye, a cikin inuwa. Da hunturu a zaɓi ranar da hazo ya lafa, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. A cire salatif kafin fentin ya gama ƙanƙamewa, a bar jirgin aƙalla kwana biyu kafin a sauke nauyinsa a kan katakan tirela, sannan a karanta a jikin gwangwani iyakar kwanakin da fentin zai iya yi a tudu, a daidaita ranar komawa Legas da su.