Yadda ake tsumar da giya mai tsami ta lambik a Beljiyam

Ƙananan masana'antu na kwarin kogin Senne, kusa da Brussels, ba sa zuba yis da hannu. Iska ce ke kawo shi. Shi ya sa sai daga Oktoba zuwa Afrilu ake aikin, lokacin sanyi, sa'ad da ƙwayoyin da ke ɓata giya suka yi ƙaranci a iska.

A haɗa ɗanyar alkama kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari da tsirarren sha'ir. A jiƙa su a ruwan zafi, a tace, a tafasa ruwan wajen awa huɗu da furen hops (tsiron da ke ba giya ɗaci) da ya shekara biyu ko uku a ajiye, don ɗacinsa ya tafi amma yana hana ɓaci. Sai a juye a faffaɗan kaskon tagulla mara zurfi, ya kwana a buɗe. Da safe a ɗura a gangunan katako.

Daga nan haƙuri ne, shekara ɗaya zuwa uku. Idan giyar ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, kada a zubar. Aikin ƙwayoyin bakteriya na Pediococcus ne, yis ɗin Brettanomyces zai warware shi cikin watanni. Abin tsoro shi ne iska: gangar da ke shan iska takan mayar da giyar khal.

A ƙarshe a gauraya sabuwa da tsohuwa, a toshe a kwalba mai kauri, ta sake tashi a ciki. Wannan ita ce gueuze.