Yadda za ka kare mage mai ƙiba daga kitsen hanta

Mage mai ƙiba in ta yi kwana 2 zuwa 3 ba ta ci abinci ba to fa akwai matsala, jikinta zai dinga tura kitse hanta har hantar ta kasa aiki. Don haka kar ka ce da yunwa za ka rage mata ƙiba, wallahi ganganci ne. Rage abincin kaɗan-kaɗan kana ɗora ta a sikeli, kar ta sauke fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyinta a sati. Dinga duba dasashinta da cikin kunne, in sun yi rawaya ko tana amai, maza sai likitan dabbobi. Kar ka yi mata ɗura, yawanci ta tiyo likitoci suke ba ta abinci na wasu makonni.