Yadda nake karanta ƙasar mafakar Niyandatal, hawa bayan hawa

Niyandatal wani jinsin mutanen dā ne da ya ɓace. A mafakar dutsen da suka zauna, kafin ka taɓa cokalin haƙa, ka fara yanka gefen ramin ya miƙe sosai, ka share shi da buroshi, sannan ka zauna ka dube shi. Launi ne zai fara yi maka magana: ga ja, ga toka-toka, ga baƙin layi siriri inda aka taɓa hura wuta. Kowane hawa ka ba shi lamba, ka zana shi a takarda. Ƙa'idar ita ce na ƙasa ya girmi na sama. A mafakar Combe-Grenal da ke Faransa, masanin haƙar kayan tarihi François Bordes ya ƙirga hawa 64 da irin wannan haƙuri.

Sai dai ni ban yarda da hawa ɗaya a matsayin zama ɗaya ba. Kaurin yatsa uku na iya haɗiye ɗaruruwan shekaru. Mutane sun zo, sun tafi, kura ta shigo da ƙasusuwanta, zomo ya haƙa rami ya cuɗa na jiya da na shekaranjiya. Don haka duk tsinken dutse ko ƙashi, ka auna wurinsa da zurfinsa kafin ka ɗaga shi, ƙasar kuma ka tankaɗe ta a rariya.

Daga nan sai aikin da na fi so, wato haɗa ɓallin duwatsu. Idan ɓalli biyu suka zauna daram da juna, amma ɗaya daga hawa na 5 ɗaya daga na 7, to ƙasar ta motsa, kada ka yi saurin ba da labari.

Murhu kuwa a yanko shi dunƙule guda, a daskarar da shi da ƙaro, a fere shi siriri a duba a madubin ƙara girma. Nan za ka ga toka kan toka, wuta nawa aka hura a gurbi ɗaya. A mafakar Abric Romaní da ke Sifaniya abin ya zo da sauƙi, domin ruwa mai ɗauke da farar ƙasa yana saurin rufe kowane zama.

Gano shekarun kowane hawa shi ne na ƙarshe. Gwajin kabon, wanda ake gano shekarun gawayi ko ƙashi da shi, ba ya wuce kimanin shekara 50,000. Abin da ya girmi haka, sai a gwada ƙonannen dutsen ƙanƙara daga bakin murhun, a gano yaushe wuta ta ƙona shi.