Yadda za ka shirya gida kafin mai saye ya zo dubawa a Jidda

Na sha ganin 'yan uwanmu a nan Jidda sun kashe kuɗi wajen fenti, sun sayo sabbin labulaye, mai saye ya shigo ko minti biyar bai yi ba ya ce zai yi shawara, shi kenan ba a ƙara jin ɗuriyarsa. Yawanci wari ne ya kore shi, kai da kake ciki hancinka ya riga ya saba.

Don haka fara da banɗaki da kicin. Gida in ya daɗe a rufe, ɗan ruwan nan da ke kwanciya a gwiwar bututu bushewa yake yi, kuma shi ne ke tare warin magudana, da ya bushe sai warin ya taso ya bi ɗakuna. Kwana biyu kafin a zo ka bi kowace rariya ka zuba mata ruwa bokiti guda, har ta banɗakin baƙi da ba a cika shiga ba. Sai ka ciro ragar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ka wanke, ka kunna shi awa biyu kafin su iso, don laimar garin nan ba ta da kyau, ɗaki a rufe nan da nan yake bugawa. Wannan duk ba ya cin ko riyal ɗaya.

Kuma don Allah kar ka cika turaren wuta. Lokacin da muka sa gidan mahaifinmu a kasuwa mun turare ko'ina, mai sayen ya tsaya a majalisi, wato falon baƙi, ya ce min, "Alhaji, me ake rufewa ne?" Ya je ya shafa bangon da ke jikin banɗaki, ya ji sanyi, ya tafi. Ashe bututu ne ke yoyo a ciki, mu kuwa fenti kawai muka shafa a kai. Tun ambaliyar 2009 mutanen Jidda bango suke fara dubawa. Kira mai gyaran famfo ya fasa ya gyara, bango ya bushe sarai, sannan fenti, fari kawai, ban yarda da wata kala ba.

Tabbatar akwai ruwa a tanki, don sai sun murɗa famfo. Rage kaya, a kwashe katifu da akwatunan da aka jibge a lungu. Sa lokaci bayan La'asar da sauran haske, kuma ka sanar da matan gida tun da wuri su kimtsa su koma ɗaki ɗaya.

Takardar mallaka, wato sakk, ta zama ta zamani ce wadda ke kan intanet, in gidan gado ne magada duk su ba da wakilci kafin a fara. Ladan dillali kashi 2.5 ne cikin ɗari, harajin cinikin gida kashi 5, ku daidaita wanda zai biya tun ranar farko.