Bugun hanci: yaushe ne sai an yi aiki?

Jama'a, wanda ya faɗi daga kabu-kabu ko aka doke shi a hanci, jini na zuba, kada ya ɗaga kai sama, jinin zai gangara maƙogwaro. Ya zauna ya sunkuya, ya matse taushin hancin minti 10 ba saki, a ɗora ƙanƙara cikin tsumma. A ba shi farasitamol, banda asfirin, tana ƙara haɓo. Kada ya fyace.

Ku haska tocila cikin hancin. In kun ga wani kumburi ja mai taushi a bangon tsakiya, numfashi ya toshe, jini ne ya taru. Ran nan za a kai shi babban asibitin Damagaram a tsaga a fitar, don in ya kwana biyu guringuntsin yana mutuwa, karan hanci ya lotsa. Haka ma ran nan za a kai shi asibiti in farin ruwa na ɗiga daga hancin, ko yana gani biyu-biyu.

Karkacewa kuwa, sai kumburi ya saɓe, kwana 3 zuwa 5. Likitan hanci na iya miƙe ƙashin cikin mako 2, yaro ƙasa da haka. In ya wuce haka, ƙashin ya ɗinke a karkace, sai tiyata bayan kamar wata 6.