Idan an kore maka shanu: abin da za ka yi kafin sawu ya bushe

Shari'ar satar dabbobi ta fi lalacewa wajen tabbatar da cewa dabbar da aka kama taka ce. Don haka aikin yana farawa tun shanun suna garke. Ɗauki hoton kowace dabba ta hagu da dama da fuska, ka rubuta launinta, siffar ƙahonta, tsagar kunne da duk wani tabo. Cewa "bunaji ce fara" ba hujja ba ce a kotu, domin irinta sun cika kara. Afirka ta Kudu ta wajabta wa masu dabbobi yin rajistar tambarin da suke yi wa dabbobinsu a dokar 2002, kuma dokarta ta satar dabbobi ta 1959 ta tanadi takardar shaida wajen sayarwa da ɗaukar dabba zuwa wani wuri.

Da an gano satar, kada a bari jama'a su tattake wurin. Sawun kofato, na takalmi ko tayar mota, igiyar da aka yanke da kwanson harsashi duk hujja ne, a ɗauki hotonsu. Kai rahoto caji ofis a ranar, ka tabbatar an rubuta bayaninka, ka karɓi lambar ƙarar da sunan ɗan sandan da ke bincike. Idan da makami aka zo, faɗi haka ƙarara, saboda laifin ya tashi daga sata ya koma fashi.

A daren ranar a sanar da ardo, mai unguwa, sarkin shanu, dillalai da sarkin pawa na kasuwannin da ke kusa, a tura musu hotunan. Da an yanka dabba, fata da kai kaɗai suka rage a matsayin shaida. Idan iyaka na kusa, a gaya wa jami'an da ke can. Kenya da Uganda suna da rundunar 'yan sanda ta musamman kan wannan laifi, inda babu kuwa sai ka riƙa bibiyar ofishin da kanka.

In an gano dabbobin, kada ka kwashe su da hannunka, kuma kada a taɓa wanda ake zargi, domin ɗaukar doka a hannu yana mayar da mai ƙara wanda ake tuhuma. Nemi a ɗauki hotonsu a sa a fayil, sannan a ba ka su a kan sharaɗin za ka kawo su duk ranar da kotu ta nema, don kada su rame a tsare. Ka je kowane zama da shaidunka, musamman makiyayin da ya san su ɗaya bayan ɗaya, domin in mai ƙara ya daina zuwa ana iya korar ƙarar.