Ga masu shirin zaga biranen Uzbekistan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wanda ke son ganin Tashkent da Samarkand da Bukhara a tafiya ɗaya, ya fara da tikitin jirgin ƙasa tun kafin ya nemi otal. Jirgi mai gudu da ake kira Afrosiyob yana kai mutum Samarkand daga Tashkent cikin kimanin awa 2, Bukhara kuma kusan awa 4. Kujerunsa kan ƙare da wuri, musamman a Afrilu da Mayu da Satumba, lokacin da baƙi suka fi yawa. Ku saya ta intanet makonni kafin tafiya.

Ni dai shawarata, ku sauka a Tashkent, ku wuce Bukhara kai tsaye, sannan ku dawo Samarkand ku tashi daga can, tunda akwai jirgin sama daga Samarkand zuwa Istanbul. Hakan zai rage muku komawa baya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kabarin Imam Bukhari ba a Bukhara yake ba. Yana ƙauyen Hartang, wajen kilomita 25 daga Samarkand, don haka ku ware masa rabin yini da mota. Dandalin Registan kuwa, wato tsohon dandalin da ke tsakiyar Samarkand, ku je da yamma, ku tsaya har a kunna fitilu.

Kada ku zo a Yuli, zafin yakan kai digiri 40. Kuma duk takardar rajista da otal ya ba ku, ku adana ta cikin fasfo har ku fita daga ƙasar.